Mako ɗaya a Gana: bakin teku, Kumasi ko Mole, ina kuɗinka zai fi amfani?

Wanda ya tara 'yan kuɗinsa zai je Gana yawon buɗe ido na mako ɗaya, ya fara haƙura da ganin komai. A taswira ƙasar ba ta cika girma ba, amma daga Akra zuwa Tamale a mota sai ka share wajen awa 12, kuma wuraren da ake kururutawa sun rabu gida uku: bakin teku, ƙasar Ashanti da arewa. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Wanda ya nace sai ya haɗa su cikin kwana bakwai, tagar mota zai yi ta kallo har ya dawo.

Shiga ba wuya ga mai fasfon Najeriya, don yarjejeniyar ECOWAS ta ɗauke masa biza. Katin rigakafin cutar shawara dai kada a baro shi a gida, ana tambayarsa. Sannan a sani cewa a galibin wuraren nan kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, ko da kuwa baƙon ya iya Hausar Zango.

In tafiyar farko ce, ni bakin teku zan ba da shawara, dalilina kuwa ɗaya ne: a nan ne kuɗinka zai saya maka abin da babu shi a gida. Cape Coast na da nisan kimanin kilomita 150 yamma da Akra, tafiyar awa uku in cunkoson motoci na garin Kasoa ya yi maka sassauci. Can da garin Elmina da ke kusa akwai manyan ganuwoyin Turawa biyu da UNESCO ta saka cikin kayan tarihin duniya a 1979. Ta Elmina Turawan Fotugal suka gina a 1482 don cinikin zinariya, 'yan Holan suka ƙwace ta a 1637, sannan ta koma hannun Ingila a 1872. A cikinta aka tsare Sarkin Ashanti Prempeh na ɗaya bayan kama shi a 1896, kafin a kai shi gudun hijira. Ta Cape Coast kuma ita Barack Obama ya ziyarta a 2009.

Wacce za a shiga in lokaci ya ƙure? Ta Elmina ta fi tsufa, kuma daga samanta kana hangen ɗaruruwan kwale-kwalen masunta masu fenti kala-kala cunkushe a bakin ruwa. Ta Cape Coast ta fi ta gidan adana kayan tarihi, kuma kurkukunta da aka riƙa tsare bayi maza a ciki ya fi tayar da hankali: ɗakuna ne a ƙarƙashin ƙasa, iska da haske na shiga ta 'yan ƙananan kafofi, a saman su kuwa Turawan suka yi ɗakin ibadarsu. Daga nan ake kai mutum ƙofar da bayi ke bi zuwa jirgi. Ba wurin raha da ɗaukar hoto ana dariya ba ne, kuma mai ƙananan yara ya yi tunani kafin ya sauka da su. Tunda tsakanin garuruwan biyu bai kai tafiyar rabin awa ba, yini guda ya isa a ga duka, sai dai zuciya za ta yi nauyi.

Washegari sai Kakum, gandun kurmi mai nisan kilomita 30 arewa da Cape Coast. Abin da ake zuwa dominsa gadojin igiya ne guda bakwai da aka ɗaura tsakanin manyan itatuwa, tsawonsu gaba ɗaya wajen mita 350, wani wurin kana sama da mita 30 daga ƙasa, katakon da kake takawa kuma faɗinsa na mutum ɗaya ne, yana lilo. Kada wani ya yaudare ka da zancen giwayen kurmi; suna nan, amma ganinsu sai mai babban rabo. Kurmin kansa ake saye da kuɗin, kuma ga wanda ya tashi cikin ƙaya da sabara, ganin itacen da sai ka ɗaga kai har hula ta faɗi ya biya. A je da sassafe a ranar aiki, kafin motocin 'yan makaranta su iso. Gargaɗi ɗaya game da tekun: igiyar ruwa a gaɓar nan tana ja da ƙarfi, wanda iyonsa na kududdufi ne ya tsaya iya idon sawu.

Kumasi magana ce ta kalanda. Akwai gidan tarihi na fadar Manhyia, da kasuwar Kejetia wadda mutum kan ɓace a cikinta, da ƙauyen Bonwire na masaƙan kente, tufar gargajiyar Ashanti. Amma abin da zai sa in ce a tafi musamman shi ne bikin Akwasidae, wanda ake yi ranar Lahadi duk bayan mako shida. Tushensa girmama kakanni ne a al'adar Ashanti. Ɓangaren da baƙi ke halarta shi ne zaman fada, inda Asantehene, wato Sarkin Ashanti, Otumfuo Osei Tutu na biyu, wanda ya hau gadon a 1999, ke fitowa ƙarƙashin manyan laimomi da kiɗa da adon zinariya, hakimai na kawo gaisuwa. In ranakunka ba su faɗa kansa ba, kwana ɗaya ya wadatar.

Arewa ce ke da rikitarwa. Gandun Mole ya fi kowane girma a ƙasar, ya haura murabba'in kilomita 4,500, kuma ana shiga da ƙafa tare da ma'aikaci mai bindiga har a matso kusa da giwaye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai dajin irin namu ne, kaɗanya da ɗorawa da ciyawa, wanda ya san Yankari ba zai ji baƙunta ba. Kuma sai da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ƙishirwa ke tara dabbobi a bakin tafki; da damina ciyawa ta rufe komai. Ƙara da kuɗin jirgi zuwa Tamale da motar awa biyu zuwa uku, za ka ga shi ne zaɓi mafi tsada. Abin da ke ƙara masa nauyi a sikeli shi ne masallacin Larabanga da ke dab da ƙofar gandun, ginin ƙasa farin fes mai tsinkayen itace, da kuka a jikinsa, wanda mutanen garin ke cewa an kafa shi tun 1421.

Garin Salaga da ke can arewa fa? Ita ce kasuwar Gwanja da fatakenmu ke yin watanni a hanya da jakuna don sayo goro, kuma babbar kasuwar bayi ce kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa ta. Yau tsofaffin rijiyoyi ne suka rage da ɗan abin tunawa. Mai bin sawun kakanni zai samu abin da ya je nema. Mai son hotuna ya riƙe kuɗinsa.

Batun ci da sallah kuwa ba zai raba maka gardama ba. A Nima ta Akra ko Zangon Kumasi koko da ƙosai na jiranka da safe, da tuwon zafi da dare, ga babban masallacin ƙasa a Kanda da Turkawa suka gina aka buɗe a 2021. A Cape Coast ne za ka ɗan tambaya kafin ka ci nama, amma kifi ya wadata. Watan da za a kauce wa in aljihu bai cika ba shi ne Disamba: tun daga 2019 baƙi daga Amurka da Turai ke cika Akra a ƙarshen shekara, kuɗin masauki ya yi tashin gwauron zabi. A jira tsakiyar Janairu, lokacin farashi ya sauko, ruwan kudu bai kankama ba, giwayen Mole kuma sun fara taruwa a tafki.