Modern States da jarrabawar CLEP: abin da na gani a kan 'ya'yana biyu masu karatu a gida

Shekara biyu ke nan ina amfani da dandalin Modern States wajen shirya 'ya'yana biyu shiga jami'a, waɗanda ni da mahaifinsu muke koyarwa a gida a birnin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa. Ƙungiya ce da ba ta neman riba, wadda Steve Klinsky ya kafa, kuma tun 2017 take ba da darussan shekarar farko ta jami'a kyauta ta intanet. Darussan an tsara su ne domin jarrabawar CLEP ta hukumar College Board, wadda ke da fannoni 34, kuma kwalejoji da jami'o'i kusan 2,900 a Amurka suna karɓar sakamakonta a madadin zama aji.

Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Ɗalibi zai yi rajista, ya kalli laccocin malaman jami'a a bidiyo, ya karanta littafin da aka haɗa masa kyauta, ya amsa tambayoyin gwaji, sannan idan ya kammala ya nemi takardar da za ta biya masa kuɗin jarrabawar, wanda ya kusa dala 100. Ana ba da maki daga 20 zuwa 80, kuma 50 shi ne abin da yawancin makarantu suke nema. Akasarin jarrabawowin minti 90 ne, kuma da zarar an gama sakamako yake fitowa a fuskar kwamfuta.

Babbar ɗiyata ita ce ta fi cin moriyarsa, kuma a kanta ne na gane darajarsa. A Maraɗi ta yi firamare da Faransanci kafin mu taso, kuma shekaru da dama na ɗauki wannan harshe a matsayin kayan da muka taho da shi wanda ba shi da kasuwa a nan. Makonni kaɗan ta yi tana bitar nahawu da sauraro a dandalin, ta zauna jarrabawar, ta haura maki 59, wanda shi ne mataki na biyu da ake ba da shawarar a ba shi kiredit tara, wato ma'aunin darussan da jami'a ke lissafa wa ɗalibi a hanyarsa ta samun digiri. Ban da sauƙin kuɗi, akwai wani amfani da iyaye masu koyarwa a gida za su fi kowa fahimta: takardar sakamakon sakandare ni ce nake rubuta ta da hannuna, kuma duk gaskiyata, jami'in ɗaukar ɗalibai yana da hujjar tambayar ko uwa ba ta yi wa ɗiyarta sassauci ba. Makin da ya fito daga hannun wasu shaida ce da ba ni na bayar ba.

Ƙanenta kuwa labarinsa daban ne. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma ba ya riƙe karatu sai yana tambaya ana ba shi amsa nan take, ga kuma bukatar ya ga sa'o'insa suna gogayya da shi. Ya fara aljabra da zumuɗi, bai kai rabi ba ya yi sanyi. Ban ga laifin darussan ba, domin tun farko an gina su ne don mai iya zama shi kaɗai ya tsara lokacinsa. Ni ce na yi kuskuren ɗinka musu riga ɗaya. Da ya shiga aji na 11 sai muka mayar da shi shirin Career and College Promise na jiharmu, wanda ke ba ɗaliban ajujuwa biyu na ƙarshe na sakandare, har da masu karatu a gida, damar zama aji a kwalejin al'umma ba tare da kuɗin koyarwa ba. A can ya sami malami, ya sami ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, abin da bidiyo ba zai taɓa ba shi ba.

Akwai abin da ya wajaba a bincika kafin yaro ya kalli lacca ko ɗaya. Kowace jami'a ita take yanke fannonin da za ta karɓa, da makin da take so, da iyakar kiredit ɗin da za ta lissafa, kuma da yawa daga cikin jami'o'in da ke tsananta zaɓe ba sa karɓar CLEP ko kaɗan. Ɗaya daga cikin makarantun da ɗiyata ta sa wa rai ta karɓi Faransancin amma ta ƙi wani fannin da ta yi wata uku a kansa, kuma da na karanta ƙa'idarsu tun da wuri da ban bar ta ta yi wannan wahala ba. Haka nan wanda bai ci ba sai ya jira wata uku kafin ya sake zama.

Ga yaron da ya riga ya san wani fanni, ko mai natsuwar karatu shi kaɗai, ina ba da shawarar Modern States ba tare da wani ɗar ba. Ɗiyata yanzu tana kan darasin ilimin halayyar ɗan Adam, kuma wannan karon sai da muka ga sunansa a jerin abin da jami'arta ke karɓa kafin ta fara.