Ƙwayoyin TetraSpeck: sharhi bayan amfani da su wajen saita maikuroskof

TetraSpeck na kamfanin Invitrogen ƙananan ƙwayoyin roba ne na polistirin, an rina kowace ƙwaya da launi huɗu masu ƙyalli: shuɗi (360/430), kore (505/515), ruwan lemo (560/580) da ja mai duhu (660/680), duk a ma'aunin nanomita: lamba ta farko tsawon zangon hasken da ke kunna rinin ne, ta biyu na hasken da yake fitarwa. Ana samun su a girma 0.1, 0.2, 0.5, 1 da 4 na maikuromita. Tun da launukan suna cikin ƙwaya ɗaya, duk gocewar da aka gani tsakanin kore da ja a hoto daga na'urar take, ba daga samfurin ba. Wannan shi ne babban amfaninsu, kuma a nan sun cika alkawari. Sai dai rabin ingancin sakamakon yana hannun mai shimfiɗa su a gilashi.

A fara da zaɓen girma. Don auna PSF, wato yadda lens ke baza ɗigon haske guda, sai ƙwayar da ta fi ƙarfin ganin lens ɗin ƙanƙanta, don haka 0.1 ce ta dace da lens mai NA 1.4 (NA ma'aunin ƙarfin lens ne wajen tattara haske). Amma shuɗinta raunana ne ƙwarai, kuma ba abin mamaki ba ne: ƙwayar 0.2 ta ninka ta sau takwas a cikin jiki, rinin da ke cikinta ma haka. Wanda burinsa daidaita launuka ne kawai, ya ɗauki 0.5 ko 1, ya huta da neman shuɗi a cikin duhu.

Kwalbar takan zo da ƙwayoyin sun kwanta ko sun manne da juna. A jijjiga ta da injin jijjiga, a ɗebi kaɗan a tsarma da tataccen ruwa, a sa a bahon girgiza na sauti minti 5 zuwa 10. Kar a tsallake wannan. Ƙwaya biyu da suka manne suna fitowa kamar ɗigo ɗaya mai ɗan tsawo da haske ninki biyu, sai mutum ya ɗauka lens ɗinsa ne ya lalace. Ga 0.1, tsarmin 1 cikin 500 wuri ne mai kyau na farawa, amma gara a yi gilashi uku lokaci guda, 1 cikin 100, 500 da 1000, a zaɓi wanda ƙwayoyinsa suka watsu kamar taurari, kowace da filinta, kimanin 10 zuwa 30 a fage ɗaya. Tsarmi na ƙarshe a yi shi da itanol kashi 70 cikin ɗari, daf da lokacin ɗigawa. Ɗigon ruwa zalla idan yana bushewa yakan tura ƙwayoyin zuwa baki su taru a zobe, tsakiya ta zama fayau. Itanol kuwa yana bazuwa ya bushe da wuri. Kar a ajiye su a cikinsa, domin zama mai tsawo na iya fitar da rini.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wurin ɗigawa. Ƙwayoyin a kan siririn gilashin rufi ake busar da su, ba a kan kaurin gilashin ƙasa ba. An ƙera lens mai amfani da mai ne don ya ga abin da ke manne da gilashin rufi mai kaurin milimita 0.17. Idan ƙwayar tana can ƙasa, da maikuromita 10 ko 20 na ruwan ɗaurawa (ruwan da ake sawa tsakanin gilasan biyu) a tsakani, ɗigon zai yi wutsiya ta gefe ɗaya a hoton zurfi, haskensa ya ragu, abin da aka auna kuma ya zama kaurin ruwan maimakon lafiyar lens. A nemi gilashi lamba 1.5, ko ma 1.5H wanda kaurinsa bai wuce maikuromita 5 sama ko ƙasa da 170 ba. A goge shi da itanol, a ɗiga maikurolita 5 zuwa 10, a rufe da abin da zai hana ƙura da haske, a bar shi ya bushe sarai. Idan ƙwayoyin suna tashi suna yawo bayan an ɗaura, a fara shafe gilashin da poly-L-lysine, sinadarin da ke sa su manne, kashi 0.01 cikin ɗari na minti 10, a ɗauraye, a busar.

Ruwan ɗaurawa ya zama irin wanda ake sa wa samfurin aiki na gaskiya. ProLong Gold yana kai ma'aunin karkatar haske kusan 1.47 bayan awa 24 yana daskarewa a duhu, ProLong Glass kuma kusan 1.52, daf da man lens mai 1.518. Mai aiki da rayayyun ƙwayoyin halitta da lens na ruwa, ya ɗaura a ruwa. Maikurolita 8 zuwa 10 sun ishi gilashi mai faɗin milimita 22. Fiye da haka gilashin zai yi iyo ya karkace. A kifa shi a hankali daga gefe ɗaya saboda kumfa. Abubuwan ɗaurawa masu zailin, irin su DPX, suna narkar da polistirin, kar a kusance su. Man lens ma yana tsotse rini idan ya ratsa ciki, shi ya sa ake like gefuna da man farce marar launi, amma sai bayan daskarewa, in ba haka ba ɗaurin ba zai kammala ba.

Wajen ɗaukar hoto, a zaɓi ƙwaya guda kusa da tsakiyar fage, fiksel kar ya wuce nanomita 65, tazarar zurfi 100 zuwa 200, kuma kar haske ya cika kyamara har ya tumbatsa. A kore, da lens mai NA 1.4, ana sa ran faɗin ɗigon ya kai wajen nanomita 200 zuwa 250, zurfinsa 500 zuwa 700. Manhajojin kwamfuta irin su MetroloJ (a cikin manhajar Fiji) ko PSFj suna fitar da lissafin. A auna ƙwayoyi goma aƙalla, a yar da duk wadda haskenta ya zarce na sauran.

Akwai gilasan da kamfanin ya riga ya ɗaura, kuma suna da amfani wajen dubawar gaggawa ta daidaiton launuka. Don PSF kuwa kwalbar ruwan ta fi, saboda ita ce ke ba mutum zaɓin gilashi da ruwan ɗaurawa, kuma rabin mililita yana daɗewa tun da maikurolita ɗaya ko biyu ake ɗiba. A ajiye ta a firiji tsakanin digiri 2 da 8, a duhu, kar ta yi ƙanƙara, domin daskarewa tana dunƙule ƙwayoyin har bahon sauti ya kasa raba su.