Corolla 2003 zuwa 2008: inji mai haƙuri, in direba ya san yadda zai bi da shi

Cikin motocin Beljiyam, wannan Corolla na cikin waɗanda makanikai ba sa fargabar buɗewa. Injinta 1ZZ-FE ne, lita 1.8, silinda huɗu, kuma sarƙa ce ke jan taimin ɗinsa, don haka babu zancen bel ya tsinke maka a hanya. Kayan gyara kuwa har a ƙananan garuruwa ana samu.

Rauninta a ringi yake, wato zobban da ke kewaye da fistin. Ramukan da baƙin mai ke bi ya koma ƙasa ta jikin fistin ƙanana ne, musamman a na shekarun farko. Da zarar mai ya ƙone ya yi dauɗa a wurin, ringi ya laƙe, sai mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Direba ne ke gaggauta wannan ko ya jinkirta shi. Mai tayar da inji da safe ya hau taka totur kafin mai ya zagaya, ƙarfe yake gogawa da ƙarfe. Daƙiƙa 30 sun isa, sannan ka tafi a hankali har allurar zafi ta kai tsakiya. A mai kuloci, hawa tudu da giya ta biyar wai don tsimin fetur yana cin metal, wato bearin da kiranshaf ke juyawa a kai. A otomatik mai giya huɗu, tura ta D alhali tana ja da baya shi ke kashe giyabos.

Baƙin mai kuwa, kamfani mai lamba 5W-30 ya ce, kusan lita 4, ba 20W-50 mai kaurin nan da ake ɗura wa kowace mota ba. Da ƙurar hunturu da cunkoson Kano, juye duk kilomita 5,000 ya fi zama lafiya, a duba matatar iska a lokacin.

Kada ka yarda a cire tamostat (abin da ke daidaita zafin ruwan inji) ko a haɗa fanka kai tsaye, kada kuma a cika lagireto da ruwan rijiya. Jikin injin alminiyam ne. Tafasa ɗaya mai tsanani kan lanƙwasa kan silinda, gasket ya ƙone.

Ta cancanci kuɗinta. Amma kafin ka biya, ka je da sassafe inji na sanyi, a tayar a gabanka, ka tsaya bayan salansa ka ga launin hayaƙin, sannan ka buɗe murfin baƙin mai ka haska ciki ka ga ko akwai dauɗa.