Gini, Malami ko Benci: Me Kwamitin Makaranta Zai Fara Saya Idan Aji Ya Cika Maƙil?

Da zarar kuɗi ya shigo hannun kwamitin makarantar firamare, daga tallafin UBEC ne, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, ko daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko wani mai hali a unguwa, hankalin kowa kan gini yake tafiya. Gini ake gani da ido, shi ake kiran mai unguwa ya buɗe. Amma cunkoso ba iri ɗaya ba ne. Wata makarantar ɗaki ta rasa, wata malami, wata kuma wurin zama kawai. Wanda ya sayi maganin wata cutar daban, kuɗi zai ƙare, yara 120 kuma suna nan a ɗaki ɗaya.

Don haka ƙidaya ce farko, kuma kada a dogara da rajista, domin takan riƙe sunayen yaran da suka bar zuwa tun zangon bara. Mutum biyu daga kwamiti su shiga kowane aji da misalin ƙarfe 10 na safe, kwana biyar a jere, har da Juma'a da ranar kasuwar garin, su ƙirga kawuna. Sai a ƙirga ɗakunan da za a iya zama a cikinsu yau, a ware waɗanda iska ta yaye wa rufi da waɗanda aka mayar sito. Sannan a ƙirga malaman da ke riƙe alli da gaske, ban da hedimasta, ban da wanda ya tafi ƙarin karatu. A raba yara da ɗakuna, a sake raba su da malamai. Lambar da ta fi muni ita ce ciwon makarantar.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Makarantar da ke da 120 a aji ba za ta kai nan a shekara ɗaya ba, kuma kwamitin da ya sa wannan a gaba zai karaya tun kafin a yi nisa. Burin da ake iya cimmawa shi ne a sauko da aji ɗaya da aji biyu ƙasa da 60. A nan yaro ke koyon haɗa baƙi, a nan kuma maraya, da ɗan gudun hijira da ya shigo tsakiyar zango, da yarinyar da ke zuwa a makare saboda talla, da yaron da ba ya ji sosai, suke samun kansu a can ƙurya. Malamin da zai duba littafin yara 120, ko minti ɗaya ya ba kowanne, awa biyu ta tafi. Ba zai duba ba. Na gaba za su tafi da shi, na baya su yi ta kwafe abin da ba su iya karantawa har su gaji su bar zuwa.

Gwaji biyu sun cancanci kwamiti ya san da su. A jihar Tenesi ta Amurka, daga 1985 zuwa 1989, an raba ƙananan yara zuwa azuzuwa masu 13 zuwa 17 da masu 22 zuwa 25. Na ƙaramin aji sun fi ƙoƙari, kuma 'ya'yan talakawa da baƙar fata suka fi kowa cin riba. Na biyun ya fi kama da halinmu. A yammacin Kenya, daga 2005, an ba wasu makarantu ƙarin malamin kwantiragi, aji ɗaya ya ragu daga kusan yara 82 zuwa 44. Yaran da suka faɗa hannun sabon malamin sun ƙaru. Waɗanda suka rage wurin malaman gwamnati ba su ƙaru da wani abin kirki ba, domin wasu malaman da suka ga an rage musu kaya sai suka rage shiga aji. Inda aka horar da kwamitin iyaye ya riƙa sa ido, wannan zamewar ta yi sauƙi. Rage yawa na aiki, amma sai in malami yana tsaye gaban allo.

Sabon gini shi ya fi komai tsada, shi ya fi jimawa, kuma ba ya amfani sai in akwai malamin da zai shige shi. Ajin da aka saba ginawa mita 7 ne a faɗi, 8 a tsawo. Kewayensa mita 30, in bango ya kai mita 3 an sami murabba'in mita 90. Bulo mai inci tara guda 10 ke cike murabba'in mita ɗaya, in an cire ƙofa da tagogi ana maganar bulo 750 ko kusa da haka, da na fandisho kuma lissafi ya doshi 1,000. Ɗaki biyu a haɗe sun fi araha a kan kowane ɗaki, tunda bango ɗaya suke rabawa. Wajen bulo ake fara cutar kwamiti. Buhun siminti ɗaya bai kamata ya wuce bulo 30 ba, amma akwai masu buga 45 ko 50, su kuma hana shi ban ruwa. A ɗauki guda biyu daga cikin tari a sake su daga tsayin ƙugu. In sun rududduge, a mayar da mota. Sai rufi. Iskar farkon damina ba kwanon take ɗagawa shi kaɗai ba, da katakon take tafiya, don haka a tabbata an ɗaure katakon rufi da ƙarfen da aka binne cikin linta, an kuma shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi. Tagogi su kasance a ɓangarori biyu suna kallon juna. Aji mai kwano ba silin, a watan Afrilu, bayan ƙarfe 11 babu karatun da ake yi a cikinsa. Kada kuma a aza tubali ba tare da takardar sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da amincewar SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ba, domin filin na hukuma ne, kuma su ne za su turo malami.

Kafin a kai ga wannan, a zagaya bayan makaranta. Da wuya a rasa ɗaki ɗaya ko biyu da aka yi watsi da su don rufi ya tafi ko daɓe ya farfashe. In bangon bai tsage daga sama har ƙasa ba, kuma gishiri bai cinye gindinsa ba, gyaransa kaso kaɗan ne na kuɗin sabon gini, ana kuma gama shi cikin hutun zango ɗaya. A ganinmu wannan ne sayen da ya fi kowanne riba, shi ne kuma wanda aka fi tsallakewa, don babu mai yanka ƙyalle a kan tsohon aji.

Rumfar kwano kan turakun ƙarfe, da rabin bango, tana ɗaukar 'yan aji huɗu zuwa aji shida a lokacin rani. Ba ta dace da ƙanana ba. Ƙurar hunturu da hayaniyar waje suna kwashe musu hankali. A unguwannin cikin gari akwai wata hanyar da ta fi ta: Islamiyyu da dama ɗakunansu a rufe suke da safe sai bayan azahar ko la'asar. Aron ɗaki biyu a can bai wuce yarjejeniya a rubuce kan shara da gyaran abin da ya lalace ba, muddin yara ba za su tsallake babban titi ba.

In ƙidaya ta nuna ɗakuna sun fi malamai yawa, duk maganar gini a ajiye ta. Hanya ta farko kyauta ce: a je ofishin sakataren ilimi da alƙaluman ƙidayar nan a rubuce, domin sau da yawa makarantar da ke bakin titi na da rarar malamai, ta cikin lungu kuma tana fama. In hakan bai yiwu ba, sai ɗaukar malamin al'umma. A nemi mai takardar NCE, mazaunin unguwar, mace in da hali don ƙananan azuzuwa. A gwada shi a aji na minti 30, a sa shi ya karanta Hausa da ƙarfi, ya yi lissafin aji huɗu a kan allo. Takarda kaɗai ba ta isa shaida ba; a Kaduna a 2017 malamai sama da 21,000 ne suka kasa cin jarrabawar da aka tsara a matakin aji huɗu. Abin da ke kashe wannan tsarin shi ne alawus. Ana farawa da zumuɗi, a wata na huɗu asusu ya bushe, malami ya kama gabansa, a sake cusa yara ɗaki ɗaya. A ware kuɗin zango uku cif kafin a ɗauke shi. A kuma yi hattara da ɗora wa iyaye haraji: a jihar da aka ayyana ilimi kyauta kuma dole, kamar Kano tun 2019, wannan na iya jawo wa hedimasta takardar tuhuma, sannan yaran da aka fi so a ceto su ne za su fara zama a gida ranar karɓar kuɗi. Wa za a ba ƙwararren malamin makarantar? Aji ɗaya. An saba kai shi aji shida saboda jarrabawa, a bar ƙanana da sabon hannu, kuma wannan kuskure ne.

Rabon safe da yamma ba ya cin bulo ko ɗaya, yana kuma raba aji gida biyu nan take. Farashinsa a lokaci ake biya. Kowane rukuni yakan rasa awa ɗaya ko fiye a rana, yammacin Juma'a kusan a banza yake tafiya, kuma zaman yamma na karo da Islamiyya da aiken gida. In malaman safe ne za su sake tsayawa da yamma ba ƙarin ko sisi, to rukunin yamma suna ne kawai. In dole ne a yi, ƙanana su zo da safe, manya da yamma, a zauna da malaman Islamiyya a daidaita lokaci tun kafin a sanar da iyaye.

Benci kuma a yi masa lissafi kafin a kira mai walda. A ɗaki mai mita 7 da 8, in an bar mita 2 gaban allo, layi shida ke shiga, kowane layi benci huɗu masu tsawon mita 1.2, da hanyar wucewa. Benci 24 ke nan, yara 48, in an matsa uku-uku 72. Ajin da ke ɗaukar 120 a kan tabarma ba zai ɗauke su a kan benci ba. Masu ƙarfi za su kame kujera, ƙanana da 'yan mata su koma bakin ƙofa. Don haka benci bayan rage yawa yake zuwa. Kafin nan, daɓe mai kyau da tabarmi sun wadatar wa aji ɗaya da biyu. In lokacin saye ya yi, a zaɓi mai ƙafar ƙarfe da saman katako busasshe, a ɗaure da noti maimakon ƙusa, a kuma fara karɓar guda ɗaya a gwada mako biyu kafin a ba da aikin sauran.

Akwai abu ɗaya da ke tafiya da kowane zaɓi. Idan za a raba aji gida biyu, kada a raba da jerin sunaye. A gwada kowane yaro na minti biyu zuwa uku: ya san baƙaƙe, yana haɗa gaɓa, yana karanta kalma, ko yana karanta jimla? A haɗa masu mataki ɗaya wuri ɗaya. A gwajin Kenya wannan rabon ya amfani na sama da na ƙasa duka, kuma irin wannan salon, wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, an fara gwada shi a Borno tun 2018. Kayan aikinsa katin baƙaƙe ne da tsinke na ƙirga. A sake gwajin a ƙarshen kowane zango, wanda ya haura a matsar da shi gaba, sakamakon kuma a karanta shi a zaman kwamiti tare da lissafin kuɗi.