Matuƙin ya yi aikinsa, kamfanin kuwa ya bar mu a tasha

A watan Janairun da ya wuce na hau jirgin yamma daga Abuja zuwa Kano domin ɗaurin auren ƙanena, kuma tafiyar da ba ta kai awa guda ba ta cinye mini kwana ɗaya cur. Da muka iso sararin Kano hazo ya rufe garin ruf, jirgin ya saki tayoyinsa ya yi ƙasa sosai, sai kawai muka ji injin ya yi ruri mun sake cillawa sama. Matuƙin ya sanar da mu cewa bai hango fitilun titin sauka ba a tsayin da ƙa'ida ta wajabta masa ganinsu, saboda haka za mu juya Abuja.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara faɗin maganganu, sai dattijon da ke gefena ya ce, "Yaro, gara a ce ka makara." Ya tuna mini da 22 ga Janairun 1973, ranar da jirgin alhazai daga Jidda, wanda aka karkato Kano saboda lalacewar yanayi a Legas, ya yi hatsari wajen sauka cikin iska mai ƙarfi, mutum 176 suka rasu. Ni ma na tuna da na Fatakwal a Disambar 2005, inda hadari da juyawar iska suka kayar da jirgi dab da titi, mutum 108 suka tafi, da yawansu ɗalibai. Na ce, "Gaskiya ne, Baba," kuma har yau ina jinjina wa wannan matuƙi.

Abin da ban yafe ba shi ne abin da ya biyo baya. Tun da safe hukumar hasashen yanayi ta yi gargaɗin hazo a Arewa, amma kamfanin bai turo ko saƙon waya ɗaya ba, kuma da muka sauka ma'aikatansa suka ɓace daga kanta, babu ruwan sha, babu maganar masauki. Jakata da babbar rigar bikin ke ciki ba ta fito ba sai bayan sallar asuba. Mota na shiga, na isa Kano an riga an shafa fatiha, kuɗin tikitina kuwa wata na uku ke nan ana ce mini in ƙara haƙuri.