Jijiyar roba da ta kamu da cuta: a kewaya ko a maye gurbinta a wurin?

Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce an sa masa jijiyar roba a babbar jijiyar jini ta ciki, yanzu likitoci a Jidda sun ce ƙwayoyin cuta sun kama ta, sun kuma ambaci tiyata iri biyu, kina son sanin bambancinsu.

Duka biyun sun ƙunshi cire robar, domin ƙwayoyin suna shimfiɗa wani yauƙi a jikinta wanda magani ba ya ratsa shi sosai. Inda suka rabu shi ne yadda za a mayar wa ƙafafu da jini.

Hanya ta farko kewayawa ce, kuma tun shekarun 1960 ake yin ta. Ana jawo sabuwar roba a ƙarƙashin fata daga jijiyar hammata zuwa matsematsi biyu, nesa da wurin da ya ruɓe, sannan a cire tsohuwar a ɗinke bakin babbar jijiyar. Amfaninta shi ne ba a sa sabon abu cikin mugunya ba, kuma ana iya raba aikin gida biyu don marar lafiya ya samu sararin hutawa. Illarta biyu ce: doguwar robar ta fi saurin toshewa, abin da kan kai ga yanke ƙafa, kuma bakin da aka ɗinke yana iya ɓallewa, wanda ba kasafai ake tsira daga gare shi ba.

Hanya ta biyu ita ce a cire, a kankare wurin, a sa sabuwar jijiya a gurbin tsohuwar, a lulluɓe ta da kitsen ciki. A nan abin da aka sa shi ne magana. Jijiyar cinyar marar lafiyan da kansa, wadda aka bayyana aikinta a Amurka a 1993, tana cikin waɗanda suka fi jure wa cuta, amma aikin yana cin awoyi masu yawa, ƙafa kuma kan kumbura bayansa. Akwai jijiyar mamaci da aka adana a ƙanƙara, sai dai ba kullum ake samunta ba, kuma takan lalace da daɗewa. Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Musulunci a zamanta na Jidda a 1988 ta halatta dashen gaɓar mamaci bisa sharaɗin izini. Akwai bututun da ake ɗinkawa daga tantanin zuciyar saniya, akwai kuma roba mai rufin azurfa ko wadda aka jiƙa da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna rifampicin, wadda ta fi sauƙin samu amma ta fi saurin sake kamuwa.

A ganina, idan jikin Baba zai ɗauki dogon aiki kuma mugunyar ba ta mamaye cikin ba, hanya ta biyu ta fi, kuma ita ce ƙa'idojin likitocin jijiya na Turai na 2020 suka fifita. Idan ƙwayar mai taurin kai ce ko ruɓewar ta yi yawa, kewayawa tana nan da muhimmancinta.

Ki tambayi likitan sunan ƙwayar da aka samu, da ko robar ta huda hanji. Kowace aka zaɓa, zai sha maganin kashe ƙwayoyin cuta na makonni da dama. Kafin ranar aikin, idan ya yi aman jini ko baƙin bayan gida, a kai shi sashen gaggawa nan take.