Windows ya sabunta, faifai ya ƙi ƙonuwa: me ya kamata ka saya?

Kafin ka taɓa aljihu, gano inda matsalar take. Sau da yawa na'urar faifan lafiyarta ƙalau, manhaja ce ta canja. A Windows 11, sabon Media Player yana kwafo waƙa daga faifai amma ba ya ƙonawa, wato rubuta waƙa ko fayil a kan faifai. Mai ƙonawar shi ne tsohon, wanda yanzu ake kira Windows Media Player Legacy, kuma ana dawo da shi kyauta daga sashen Optional features na saitunan Windows. Idan ka buɗe shi, shiga Options, sashen Burn, ka rage gudu daga Fastest zuwa Medium ko Slow.

Idan na'urar ta ɓace gaba ɗaya, duba Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin kwamfutar. Alamar rawaya mai lamba 19 ko 39 yawanci tana nufin ragowar wata tsohuwar manhajar ƙona faifai ce ta sarƙe da sabon tsarin. Cire direban na'urar, wato manhajar da ke haɗa ta da Windows, ka sake kunna kwamfuta. In ta ƙi, akan goge saitunan UpperFilters da LowerFilters na ajin CD da DVD a rajista, wato rumbun saitunan Windows, amma sai an ajiye kwafin rajistar tukuna. Wanda hannunsa bai saba ba, sai ya kai wa mai gyara. Komawa tsohon tsari kuwa, kwana 10 kacal Windows ke bayarwa bayan babbar sabuntawa.

Gwajin da ke raba gardama: saka sabon faifai, ka ƙona ƙaramin fayil ta File Explorer, mabuɗin fayilolin Windows, ko manhajar ƙona faifai ta ImgBurn. Ya ƙonu? To babu abin saya.

Bai ƙonu ba? Fara da mafi araha, wato faifan kansa. CD-R yana ɗaukar megabayit 700 ko minti 80 na sauti, kuma shi ne zaɓi ga rediyon mota da tsofaffin na'urori. CD-RW ana gogewa a sake, amma ba ya mayar da hasken leza sosai, shi ya sa tsofaffin na'urori ke ƙin karanta shi. DVD-R da DVD+R suna ɗaukar gigabayit 4.7, sai dai Windows Media Player fayiloli kawai yake zubawa a kansu, ba ya haɗa faifan bidiyo irin na fim. Sayi faifan kamfanin Verbatim ƙwaya biyu ko uku ka gwada kafin ka ɗauki rodi mai 50. Faifan da ya sha rana a shago, launinsa ya dishe, asarar kuɗi ce.

Idan faifai mai kyau ma ya tsaya a tsakiya, sai a zargi idon na'urar. Ƙurar hunturu tana dusashe shi, kuma ƙonawa tana buƙatar ƙarfin leza fiye da karantawa, don haka na'ura kan iya karatu ta kasa rubutu. Lezar CD daban take da ta DVD, ɗaya kan mutu ta bar ɗaya.

A nan ne sayen sabuwa ya wajaba. Siririyar na'ura ta USB, irin ta ASUS ko LG, tana ƙona DVD a gudun 8x, CD a 24x (lambar tana nuna saurin ƙonawa ne), ba ta buƙatar direba na musamman. Rauninta wuta. Kafar USB 2.0 miliyamf 500 take bayarwa, ta 3.0 kuma 900, saboda haka soka ta kai tsaye a kafar 3.0, ko ka nemi mai waya mai kai biyu. Kada ka bi ta mahaɗar USB marar wutar kanta. Karanta kwalin da kyau: DVD-RW ko Writer kake nema, domin DVD-ROM karatu kawai yake yi.

Mai kwamfutar tebur, musamman mai shagon da ke ƙona faifai da yawa a wuni, ya ɗauki ta ciki, mai haɗuwa da kwamfutar ta wayar SATA. Tana kai 24x a DVD, ta fi jure zafi, wutarta daga akwatin kwamfutar take. Ya haɗa da UPS, wato na'urar ajiyar wuta, don in an ɗauke wuta ana cikin ƙonawa, CD-R ɗin ya tafi ke nan.

Idan rediyon motarka yana da kafar USB, filashi mai gigabayit 16 da aka yi wa tsarin ajiyar fayil na FAT32 zai ɗauki abin da ya fi faifan CD 20.